Ina Ruwan Lagireto Yake Tafiya?

Da wuya a buɗe but ɗin motar haya a tashar Funtuwa, cikin masu lodin Sabuwa ta Ɗandume ko masu bin Sheme su karya Ƙanƙara, a rasa jarkar ruwa a kusa da safaya taya. Kafin a ɗau hanya yaron mota zai ɗaga bonet, ya kwarara lita ɗaya ko biyu, ya rufe. Gobe ma haka. In ka tambayi maigidansa abin da ya sami motar, sai ya ce lafiyarta ƙalau, shan ruwa kawai take yi, ya leƙa ƙarƙashinta bai ga ko ɗigo ba. To, inji mai lafiya ba ya cinye ruwa. Fetur ƙonewa yake yi, baƙin mai ma yakan ragu sannu a hankali, amma ruwan sanyaya inji a kulle yake, zagaye kawai yake yi. Ya fito daga inji da zafi, ya ratsa lagireto iska ta huce shi, ya koma. Motar da komai nata ke daidai takan yi watanni ba a ƙara mata ko kofi guda ba. Litar nan ta kullum tana da hanyar da take bi, kuma ana iya gano hanyar ba tare da an fara da tsinke inji ba.

A wannan yanki maganar ta wuce ta kuɗin gyara. Kowa ya san halin rashin tsaro da hanyoyin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa suka shiga a 'yan shekarun nan, har ta kai a ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin Katsina ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme na wani lokaci. Direban da injinsa ya tafasa da la'asar sakaliya tsakanin Yankara da Tsafe, da fasinja cike da mota, ba asarar gasket kaɗai ce a gabansa ba. Shi ya sa jarkar nan take damuna. Tana ba mutum ƙwarin gwiwar ci gaba da tafiya da ciwon da bai san girmansa ba, alhali ƙaramin yoyo ba ya zama ƙarami har abada. Tiyon da ke tsatsafa yau, wata rana zai yage gaba ɗaya, ruwan ya tsiyaye cikin minti biyu.

Abin da ya kamata a fara fahimta shi ne matsi. Ruwa a buɗaɗɗiyar tukunya yana tafasa a digiri 100 na Salshiyos a bakin teku, a tudun ƙasa irin namu kuwa yana ɗan rigan haka tafasa. Shi kuma inji yana aikinsa ne a wajen digiri 90, wasu sassan kansa ma sun fi haka zafi nesa ba kusa ba. Tazarar ta yi kaɗan. Dabarar da masu ƙera mota suka yi ita ce su kulle ruwan ya zauna cikin matsi, domin ruwan da ke cikin matsi ba ya saurin tafasa. Wannan aikin murfin lagireto ne. In ka duba saman murfin motocin Japan za ka ga an rubuta 0.9 ko 1.1, wato yawan matsin da zai riƙe kafin ya saki. Da wannan matsin ruwa zalla sai ya kai wajen digiri 120 kafin ya tafasa.

Daga nan ake gane dalilin da ya sa mai mota zai rantse bai ga yoyo ba, kuma gaskiyarsa. Da safe yake dubawa, inji a sanyaye, babu matsi, tsagewar ta tsuke bakinta. Sai an hau titi, ƙarfe ya buɗe, matsi ya taru, sannan ruwan ya fara fita siriri, ya sauka a jikin inji ko kan bututun hayaƙi mai zafi, ya zama tururi tun bai kai ƙasa ba. Ɗigo ɗaya a kowace daƙiƙa ya kusa kai lita guda cikin awa biyar ko shida na tafiya. Ƙaramar mota kuwa gaba ɗaya ruwanta bai wuce lita 5 zuwa 7 ba.

Kafin a kai ga neman yoyon, a tabbatar akwai shi. Ruwa yana kumbura in ya yi zafi, don haka wanda ya cika robar ajiya har baki, motar za ta amayar da rarar a tafiyar farko, washegari ya ga ya sauka ya sake cikawa, haka za su yi ta yi shi da ita. Ga kuma motar da aka sauya wa tiyo ko aka wanke wa lagireto jiya: iskar da ta maƙale a ciki tana fita, ruwa ya maye gurbinta, sai a ga ya sauka sau ɗaya ko biyu ya tsaya. Ruwan da ke ɗiga ta ɓangaren fasinja in an kunna na'urar sanyaya ɗaki shi ma ba na inji ba ne. Maganin duk wannan ruɗani abu ne mai sauƙi. A ajiye mota a wuri mai shafe, a bari ta kwana, a zuba ruwa iya layin da aka yi wa alama, a ja layi da biro a jikin robar, sannan a riƙa dubawa kowace safiya kafin a tayar. Abin da aka gani da rana tsaka inji na huci ba ma'auni ba ne.

In an tabbatar yana raguwa, ni da murfin nake so a fara, domin shi ne mafi arha kuma shi aka fi rainawa. Robarsa takan bushe ta tsage, sifirin ɗinsa ya saki. Da zarar ya daina riƙe matsi, ruwa zai riƙa tafasa da wuri yana fita ta ƙaramin tiyon gefen wuya, musamman a watan Maris zuwa Mayu da zafi kan kai digiri 40, mota kuma ta sha buhunan masara daga kasuwar Ɗandume. Murfin yana da bawul na biyu ɗan ƙarami wanda ke barin ruwan da ya tafi robar ajiya ya dawo in inji ya huce. In wannan ya lalace, ko ƙaramin tiyon ya huje, roba za ta zauna a cike, lagireto kuwa yana ƙasa-ƙasa. Direba ya leƙa roba ya ga ruwa, hankalinsa ya kwanta. Saboda haka a irin Toyota da Honda a riƙa buɗe lagireton kansa da sanyin safiya. A Golf da Sharon kuwa murfin da ke riƙe matsi a kan robar yake, kuma ita robar takan yi siririyar tsagewa a wajen ɗinkinta. Wani abin takaici shi ne yadda ake ɗauko murfin kowace mota a ɗaura, in dai ya zauna. Lambar da ke kai ba ado ba ce.

Sai yoyon waje. Golf 3 da ta cika tashoshinmu an ƙera ta ne daga 1991 zuwa ƙarshen shekarun 1990, ta gama aikinta a Turai kafin ta zo ta fara wani sabo a nan. Mahaɗar tiyo ta roba da ke gefen kan injinta ta sha zafi na kusan shekara talatin, ta yi gautsi, kuma tana daga cikin wuraren da ruwa ya fi sulalewa, ya gangara kan giyabos ba a gani. A kowace mota, a bi bakin kowane tiyo inda kilif ya matse, a shafa ƙarƙashinsa da yatsa. A duba inda robar saman lagireto ta haɗu da alminiyom. A haska famfon ruwa da tocila: yana da ƙaramar huda a ƙasansa wadda aka yi da gangan, in sil ɗin ciki ya fara mutuwa ta nan ruwa ke fitowa, fanbel ya fesar da shi. A jikin bulok akwai zagayayyun murafen ƙarfe da aka toshe ramukan zubi da su, tsatsa takan ci su daga ciki, wasunsu kuma suna bayan inji inda ido ba ya kaiwa.

Akwai wuri guda da kusan kowa ke mantawa da shi, wato ƙaramin lagireton hita da ke ɓoye a bayan dashbod. Mu ba ma kunna hita sai jefi-jefi da sanyin hunturu, amma a motoci da yawa ruwan inji yana ratsa shi ko an kunna ko ba a kunna ba. In ya huje, a cikin mota ruwan ke zuba, kafet ya shanye. A ɗaga tabarmar gaba a taɓa ƙasan. In da danshi, ko gilashin gaba yana yin hazo daga ciki, an samu ɓarawon. Kanikawanmu sukan haɗe tiyon shiga da na fita a yanke hitar gaba ɗaya, kuma a ƙasa mai zafi wannan ba laifi ba ne, in dai mahaɗin da aka sa mai ƙwari ne, ba guntun bututun da aka tsinta aka ɗaure da waya ba.

Duk wannan lalube yana da gajeriyar hanya. Akwai ɗan famfon hannu mai agogo da ake ɗaurawa a bakin lagireto inji na sanyi, a hura iska har matsin ya kai abin da aka rubuta a murfi, a zuba wa allura ido na minti 15 ko 20. In ta sauka, akwai yoyo, kuma tunda babu zafin da zai busar da ruwan, za a gan shi yana fitowa. Da shi ake gwada murfin ma. Kayan aiki ne da kuɗinsa bai kai na tsinke inji ɗaya ba, amma gareji nawa ne ke da shi daga Ƙanƙara zuwa Sabuwa? A ganina duk ƙungiyar kanikawa ta gari za ta iya haɗa kuɗi ta sayi guda ɗaya a Ƙofar Ruwa a Kano ko Fanteka a Kaduna, a riƙa aro. Inda babu, a ɗora hannu kan abin da ake da shi: a wanke inji ya bushe, a shimfiɗa kwali a ƙasa, a bar shi ya yi zafi har fanka ta tashi, a kashe, a duba da tocila a mintunan farko, domin a lokacin ne zafi da matsi suke ƙara hawa tunda ruwa ya daina zagayawa.

Me ya sa neman yoyo ya fi wuya a wurinmu? Domin ruwan da muke zubawa ba ya barin sawu. Ruwan kulan na gaskiya, kore ko ja ko ruwan hoda, in ya bushe yakan bar ɓawo mai launi a daidai inda ya fito, kuma yana da ƙamshi mai zaƙi-zaƙi da hanci ke kamawa. Ruwan rijiya da na burtsatse ya bushe ya tafi abinsa. Mutane da yawa sun ɗauka kulan na ƙasashen ƙanƙara ne, mu ba ruwanmu da shi. Gaskiya ne yana hana daskarewa, amma wannan ɗaya ne daga ayyukansa. Yana ƙara wa ruwa jinkirin tafasa, kuma mafi muhimmanci yana ɗauke da sinadaran hana tsatsa da cin alminiyom. Wanda ya taɓa leƙa cikin butar mai shayi ya ga farin dutsen da ya kama gindinta ya san abin da ruwan rijiya ke yi wa siraran bututun lagireto. Suna toshewa ɗaya bayan ɗaya, tsatsa ta cinye fukafukan famfon ruwa, ta huda murafen bulok, ta zaizaye fuskar kan inji a gefen gasket. Wato ruwan da ake ƙarawa kullum shi ke haƙa ramin da na gobe zai bi. In babu halin kulan, tataccen ruwan da ake ƙara wa batir ya fi, amma a yi hattara ƙwarai, kada a ba ka mai asid. Kulan kuma guba ne, zaƙinsa na jan yara da dabbobi, kada a bar shi a buɗe a tsakar gida ko a zuba shi a robar lemo.

Idan an gama da waje kaf ba a samu komai ba, sai a juya ga cikin inji. Nan ne ake yawan gaggawa. Mota ta shigo gareji, ba a ko ɗaura mata komai ba, sai ka ji an ce, "Alhaji, tof gasket ne, sai an sauke kai." Wani lokaci haka ne. Amma hukunci ne mai tsada, ya kamata a kafa masa hujja.

Gasket ɗin yana tsakanin bulok da kan inji, yana raba abubuwa uku: wutar silinda, hanyar ruwa da hanyar baƙin mai. Alamar da za a gani ta danganta da inda ya fashe. In tsakanin ruwa da mai ne, man zai koma kalar madara, ya ƙaru a sandar awo. Wannan kowa ya sani, shi ya sa da an zaro sanda an ga mai baƙi sai a ce gasket lafiya lau. Kuskure ne, domin sau da yawa fashewar tsakanin silinda da ruwa take, mai bai san ana yi ba. Matsin da ke cikin silinda lokacin ƙonewa ya ninka na lagireto sau da dama, sai hayaƙi ya kutsa cikin ruwa, ya fi ƙarfin murfi, ya tunkuɗo ruwan waje a kan hanya. In an kashe inji kuma lamarin ya juya, ruwa ya riƙa tsiyaya cikin silinda har gari ya waye. Shi ya sa irin wannan mota takan yi karkarwa na ɗan lokaci in an tayar da ita da safe, sannan ta daidaita. A kwance fulogi a jera su: wanda ya fi sauran haske, kamar an wanke shi, tururi ne ya wanke shi. A buɗe murfi inji na sanyi, a cika ruwa, a tayar: kumfar da ke tasowa ba ta yankewa alama ce mai ƙarfi. Haka tiyon sama in ya yi tauri cikin minti ɗaya ko biyu da tayarwa, tun ruwa bai ɗumama ba.

Farin hayaƙi a salansa yana buƙatar lura. A Disamba da Janairu kowace mota tana fitar da farin tururi da sassafe, har ruwa ya ɗiga, wannan ba komai ba ne. Na gasket ba ya yankewa bayan inji ya yi zafi. Ɗan farin kitse a ƙarƙashin murfin baƙin mai ma yakan taru a motar da ba ta doguwar tafiya. Alama ɗaya ba ta isa ba. Gwajin da ya fi yanke gardama shi ne na wani shuɗin ruwa da ake zuƙo iskar bakin lagireto ta cikinsa: in akwai hayaƙin ƙonewa a ciki, sai ya rikiɗe ya koma rawaya. Gwajin kwamfireshan yana taimakawa, amma ƙaramar fashewa takan kuɓuce masa.

Kuma ba duk cuɗanyar mai da ruwa ce daga gasket ba. Motoci masu giyar otomatik da yawa man giyarsu yana ratsa cikin lagireto don ya huce. In bututun ya huje, ruwa ya shiga giyabos, man ya koma ruwan hoda mai kauri. Wasu injinan, ciki har da na Volkswagen da dama, suna da ɗan akwatin sanyaya baƙin mai a saman filtar mai, shi ma yakan huje. An sha sauke kan inji a banza saboda waɗannan.

Ba zan wuce ba sai na yi magana kan abubuwa biyu da suka zama al'ada. Da mota ta fara zafi sai a cire tamostat, a haɗa fanka dairek. Ana cewa tamostat na Turai ne. Tamostat yana buɗewa a wajen digiri 82 zuwa 90, daga nan hanya a buɗe take, ba ya tare komai. In ya maƙale a rufe, sabo ake sawa. Cire shi yana sa inji ya daɗe bai kai zafin aikinsa ba, ya ƙara shan mai, kuma a wasu injinan shi ne ke rufe gajeriyar hanyar da ruwa ke bi ya koma inji ba tare da ya je lagireto ba, don haka rashinsa na iya ƙara zafin da ake gudu. Ko ma dai yaya, bai toshe yoyo ba, ya dai jinkirta ranar da za a gane. Haka zuba ƙwai ko garin kwaki ko sabulu. Na fahimci wanda ya yi haka a daji don ya kai gari, amma abin da ya iya toshe huda zai toshe bututun lagireto ma, sai a wanke shi da an isa. Sau da yawa kuma zafin daga waje ne: ƙurar hunturu da ƙaiƙayin kaka sun like fuskar lagireto, iska ba ta ratsawa, ruwa ya tafasa ya fita ta murfi.

A kan hanya kada a dogara da allurar zafi ita kaɗai. In ruwa ya ƙare, na'urar da ke auna zafin takan zauna a cikin iska, allura ta tsaya daidai ko ma ta sauka, inji kuwa yana soyuwa. Warin zafi, raguwar ƙarfi da ƙarar ƙyas-ƙyas in an taka mai sun isa a nemi wurin tsayawa, a gari ko kusa da jama'a in da hali. Kada a buɗe murfi nan take, ruwan da ya haura digiri 100 zai yi tsalle ya sale fuska da hannu. Kada kuma a kwara ruwan sanyi a kan inji ko a cikinsa yana tsananin zafi, kan alminiyom yana lanƙwashewa ko ya tsage. A ba shi aƙalla rabin awa, a sa tsumma mai kauri, a sassauta murfin a hankali.

In hujja ta tabbata gasket ne, aikin ba ya tsaya a sayen sabo. A ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar kan injin a auna, domin lanƙwasar da ta wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita ta isa ta sake fasa sabon gasket, kuma ido ba ya ganinta. In ya lanƙwashe a kai shi Zariya ko Kaduna ko Kano a share, a roƙi su gwada ko ya tsage. A ɗaure kusoshin da sifana mai awo, bi da bi daga tsakiya zuwa gefe. A injinan da kusoshinsu ke miƙewa in an ɗaure, irin na Golf, sababbi ake sawa. Sannan a koma ga tambayar farko, domin galibi gasket ba haka kawai yake ƙonewa ba, zafi ne ya ƙona shi, zafin kuma daga ƙarancin ruwa ya zo. In murfin da ya saki ko mahaɗar da ta tsage ko lagireton da ya toshe suna nan yadda suke, motar za ta dawo garejin da ciwo iri ɗaya. Mai mota yana da haƙƙin ya ce wa bakanike, "Malam, nuna mini inda ruwan ya fara fita," kuma kada ya karɓi makulli sai an ɗaura famfon gwaji allura ta tsaya cak, an ja sabon layi a jikin roba, an duba shi safiya uku a jere.